Ranar da Na Wanke Ƙarafunan Baba

Baba malamin firamare ne a Haɗeja, amma da ya taso daga makaranta sai ya shige ɗakin zaure, ya yi ta goge-gogen ƙarfe don nishaɗi. Kayan nan kullum baƙi ƙirin da mai. Ni kuwa Inna ta koya min baƙin tukunya abin kunyar 'ya mace ne.

Wata Asabar da damina ya tafi Malam Madori. Na kwaso sifanu da ɗan injin hudarsa, na dirje su da toka da ruwa, na jera a inuwa. Kafin la'asar duk sun yi jajir da tsatsa.

Ya dawo ya tsaya a kansu yana dubawa. Na rasa yabo zan sha ko bulala.

"Uwata, wa ya sa ki?"

"Datti ne da su, Baba."

Ya tsuguna, ya ɗiga min baƙin mai a tafi, ya miƙo sifana. "Shafa. Shi ƙarfe da dattinsa yake rayuwa."

Ina shafawa ina leƙen ƙofar Inna, ban san maganar wa zan kama ba. Har yau in na ji warin baƙin mai, sai in dubi gindin tukunyata, in ce bari dai, dirzarta sai gobe.