Kifin Duba-Gari

Tun da dokar nan ta zo, ruwan garke ba ya fita sai ya bi ta randa uku: yashi, ɓuntun shinkafa, gawayi. Duk Talata duba-gari yakan saki ɗan karfasa a ruwan da aka tace. In ya kai azahar da rai, shanunka naka ne. In ya mutu, a kora su.

Ran wata Talata da hantsi Tabawa ta leƙa randar gawayi, wayam. Ga mijinta a gindin darbejiya, shayi na tafasa.

"Malam, gawayin ina ne wannan?"

"Na randa ne. Da na shanya shi, ya kama tsaf."

"Wanda fitsarin shanu ya jiƙa wata guda? To, a sha lafiya!"

Gida biyar ta zaga neman gawayi, ba wanda ya ba ta ko ƙwaya. Kafin ta dawo, duba-gari ya saki kifinsa, Malam har ya zuba wa baƙon shayi.

Tabawa ta durƙusa tana yi wa kifi fifita. "Daure, ɗan albarka. Azahar ce kawai."

Kifi ya karkata gefe guda. Duba-gari ya kurɓi shayi, ya ce, "Inna, shanun naki guda nawa ne?"