Mutumin da Ya Iya Mutuwa

'Yarsa ta tarar da shi miƙe a tsakar falo, hannu a ƙirji, ba ya numfashi. Ta kurma ihu.

A zamaninsa babu ɗan fim da ya kai shi iya mutuwa. A gida kuwa, ko kaza ba ya iya kallo ana yankawa. Yanzu tsufa ya cinye masa tunani. In rana ta ratso labule ta sauka a fuskarsa, sai ya ɗauka fitilar ɗaukar fim ce, ya kwanta, ya riƙe numfashi har sai darakta ya sallame shi.

Matarsa ta fito daga kicin, ta tafa hannu sau ɗaya kamar darakta.

"Yanke!"

Bai motsa ba. Matar ta tsura masa ido. Can sai ƙirjinsa ya ɗaga.

"Ya yi kyau?" ya tambaya a hankali.

"Ina fa, Malam! Girarka ta motsa. Tashi, gobe za a sake."

"Haba Mama, ki yabe shi mana," in ji 'yar, tana share hawaye.

Matar ta girgiza kai.

"Ba ki san ubanki ba. Abin da ya yi daidai, ba ya tashi ya sake."