Ruwan Malam Tanimu

"Ruwan Malam Tanimu ya ƙare ke nan," in ji wata mata a layin famfo, ƙasa-ƙasa. Babana take nufi, amma na yi kamar ban ji ba.

Tun da Jagora ya kafa sababbin famfuna, ba sa kawo ruwa sai an raɗa musu sunan mai ƙorafi. Mota kan zo ta ɗauke mutumin, ruwa ya zubo kwana uku. Wanda ya ba da suna shi ke fara ɗiba.

Muka yi cirko-cirko a rana, kowa na kallon bakin kowa.

"Ke Ladiyo, ba ki da maƙiyi ne?" Gwaggo Tabawa ta zungure ni. "Jikana zawo yake, ko na wanki babu!"

"Allah zai kawo, Gwaggo."

"Allah ya kawo, Jagora ya toshe!" Sai ta kama bakinta. Wani ya matsa kusa da famfon.

Na ja jarkata na koma gida. Inna na kankare gindin randa.

"Inna, ranar da aka tafi da Baba, ya aka yi randarmu ta riga ta kowa cika?"