Hatimi Na Tara

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar mahaifinta, Saudat ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ba dauriya ba ce, kukan ne ya ƙi zuwa. A yi mata gaisuwa ta amsa, a miƙo shayi ta sha, ba ta jin ɗanɗanon komai. Yau kuma ga ta tana ɗaure kaya a kwali, don an shafa wa gidansu na unguwar Nakkasa jan fenti, za a rushe layin gaba ɗaya. Za su koma haya a unguwar Kudai, ita da Umma Larai.

Saura mako biyu ta kare digirinta na uku a Riyad. Shekara bakwai ta kwashe tana ƙura wa sulallan tagulla ido, irin waɗanda sarakunan Girkawa suka buga bayan mutuwar Iskandar. Mutanen unguwa sun daɗe da yanke hukunci cewa boko ya taɓa yarinyar, in ba haka ba wa zai tsufa a kan kuɗin da ba ya sayen ko burodi?

Aikin nata ba wuyar fahimta, sai dai cin rai. A zamanin da, maƙeri yakan sassaƙa fuskar sarki a kan guntun ƙarfe, hatimi ke nan, ya ɗora a kan tagulla ya maka guduma. Kowane hatimi da kamanninsa, kuma yakan buga wajen sulai dubu goma kafin ya fashe. In ka jera sulalla ka gane hatimai nawa suka buga su, ka san kimanin abin da sarki ya buga. Saudat ta gano ashirin da uku.

Ashirin da biyu kowa ma zai iya gano su. Na tara shi ne nata. Sulalla arba'in da ɗaya ta tattaro hotunansu daga gidajen tarihi da masu gwanjo na Turai, kowanne da wani ɗan tsagi a bayan kunnen sarki. Ta jera su, ta ga tsagin yana tsawo daga sulai zuwa sulai, har a na ƙarshe ya ratsa fuskar. Ta rubuta cewa hatimin ya rabe biyu shekara dubu biyu da ɗari biyu da suka wuce. Ta kuma nuna daga kwanciyar gashin sarkin cewa mai sassaƙar bahago ne. Wannan babin ne ya sa aka san sunanta.

Sai ga tambaya daga malamin da zai jarraba ta, layi ɗaya tak: me ya sa ba a taɓa haƙo ko ɗaya daga cikin arba'in da ɗayan nan a ƙasa ba, duk a kasuwa suka ɓulla? In ba amsa, ba babi. In ba babi, shekara bakwai sun tafi. Ta karanta saƙon ranar da aka kai Baba makwanci, ta kife wayar, ko gabanta bai faɗi ba.

Tana naɗe kayan aikin Baba a tsumma. Baban nata, Malam Abdulbaƙi, maƙerin zobba ne, shekara arba'in yana zana wa alhazai sunayensu a kan azurfa. Ga 'yan ƙarafan zanen nan, ƙotocinsu duk sun cinye ta gefe guda. Shi kaɗai ne bai taɓa yi wa karatunta dariya ba. Ranar da ta baza masa hotunan hatimi na tara, ya daɗe yana kallo da gilashi a hanci, sannan ya ce, "Hannunsa ya zame a wajen kunnen nan. Ya binti, 'yata, ki bar wannan ki nemi wani mana."

Dariya ta yi masa a lokacin. Ta ce kishin sana'a ne.

Ta tuna maganar yanzu, ta jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinta. Shiru.

Masu ɗaukar kaya suka fitar da katifa ta ƙarshe. Rana ta take, ƙarar motar rusau tana tasowa daga gindin dutse. Ɗakin ya zama fayau, sai alamar inda kabad ya zauna a bango.

"Yalla, yi sauri, Saudat, mota na jira," in ji Umma daga waje. "Ki ja ƙofar, halas, shi ke nan."

Ta ja, ƙofar ta ƙi. Guntun ƙarfen nan ne da ake tare ta da shi tun tana yarinya, wanda ta sha yin tuntuɓe da shi in ta makara makaranta. Ta sunkuya ta ɗauke. Ya fi yadda take zato nauyi, gefensa guda a fashe yake. A duk rayuwarta ba ta taɓa juya shi ba, sai yau. Ta goge ƙasan da bakin mayafinta.

Rabin fuska ne, a juye. Ga ido, ga kwanciyar gashin da ta haddace, ga inda ƙarfen ya rabe daidai bayan kunne.

Umma ta leƙo, ta ga abin da ke hannunta, ta ce, "Taho da shi in kina so, aikin babanki ne. Shekarar da kika shiga sakandare ya fashe masa, ya ce ba zai ƙara sassaƙa wani ba."