Kala Biyu

"Ƙara wa gefen kauri," in ji wani dattijo karo na bakwai, yana dungurin kwamfutar mai yankan sitika.

Mai sitikar ta haɗiye tsaki. Tun hantsi take jera jajayen haruffa masu gefe ruwan ɗorawa, ya hana ta sakat. Da inji ya yanka, ta ɗora jan kan ruwan ɗorawar, ko ɗaya bai kauce ba.

"Baba, ina za a manna?"

Ya kai ta bakin titin Bolori, ya nuna sabon Keke Napep ɗinsa, ruwan ɗorawa gaba da baya.

Ta manna. Gefen da ya cinye mata yini ya ɓace ɓat cikin launin keken.

Dattijo ya ƙanƙance ido. "'Yata, ai kala biyu na ce miki."