Matuƙin da Ya Juyo da Bam Ɗinsa

"Matsoraci ne, wallahi!" in ji mai gyaran waya, ya buga hannun kujerar aski har ƙyallen wuyansa ya zame.

A talabijin ɗin shagon, fim ɗin katun na Japan da suka yi wata uku suna bi ya zo ƙarshe. Matuƙin jirgin yaƙin ya isa saman garin abokan gaba, ya hango mutane a kasuwa, ya juyo bai saki bam ba.

"Ya ɓata mana fim!" in ji direban da ke jiran layi. "Soja umarni yake bi."

Mai askin ya kashe injinsa. "Ni a wurina yau ya cika namiji."

Shago ya kaure da dariya.

"Haba Baba, ina ruwan mai almakashi da jirgi?" in ji mai gyaran waya. "Ka janye maganar nan, ko mu kai kawunanmu wani shagon."

"Ƙofa a buɗe take. Ban janye ba."

"To, ka taɓa shiga jirgin yaƙi?"

"Ban taɓa ba. Amma na taɓa tsayawa a ƙarƙashinsa, ina ɗan shekara tara."

Ya ɗaga ƙafar wandonsa. Daga gwiwa zuwa ƙasa roba ce da ƙarfe.

"Wanda ya zo kanmu irin jarumin da kuke so ne," ya ce. "Shi bai juya ba."

Ya kunna injin. "Sunkuyar da kai, ban gama ba."