Bishiyar da Osmanu ya feɗe

Osmanu mutumin zangon Kumasi ne, direban tasi, yana zaune da matarsa Awawu a wani flat, wato gidan haya a bene, a unguwar Thamesmead can ƙasar Turawa. Amma in kana so ka ga haƙoransa kada ka ce masa direba, ka ce masa mai magani. Kakansa ya yi sana'ar sassaƙe, shi kuma ya ɗauka ilimin a jini yake.

Duk wanda ya san Thamesmead ya san fadama ce aka cike aka zuba kankare, iskar da ke tasowa daga bakin kogi kuwa ba ta da kunya. Shi ya sa aka zaɓi itatuwa masu son ruwa aka jera a gefen babban titi, su sha danshi, su tare iska. Akwai wata babba cikinsu, irin wadda Turawa ke kira wilo, daidai inda ake jiran bas.

Wata rana Osmanu ya ɓantari ɓawonta ya tauna, ya ji ɗaci. Shi ke nan, ya ce ƙanwar maɗaci ce. Ya riƙa zuwa da wuƙa yana sassaƙa, ya dafa, ya ɗura a kwalaben lemo. Mai basir, mai ciwon baya, mai sanyin ƙashi, har daga Dagenham can tsallaken kogi zuwa suke.

A gida, mai magani na gaske gabas yake sassaƙa ya koma yamma, ya shafe ciwon da laka, ya bar sauran don itacen ya rayu. Osmanu ya san wannan sarai. Amma masu nema sun yi yawa, ga ciyayi sun rufe gindin bishiyar ba mai gani. Bana gabas da yamma, baɗi kudu da arewa, har ya zagaye ta tas.

Maƙwabcinsa Katung, mutumin kudancin Kaduna, yana cikin masu gyaran itatuwan unguwar. Shi ya kama shi da wuƙa a hannu wata safiya.

"Malam Osmanu, ashe kai ne ke feɗe bishiyar nan kamar akuya?"

"Ta ubanka ce?"

"Ba ta ubana ba ce, amma ni nake mata aski duk shekara. Ka zagaye ta, ka yanke mata maƙogwaro. A tsaye za ta mutu, kuma mutane na tsayawa a ƙarƙashinta."

"Ji ɗan sharar ganye! Don Bature ya ba ka riga mai ɗaukar ido sai ka zama likitan itace? Shekara nawa muna sassaƙar maɗaci a Kumasi, ko ɗaya ya faɗi?"

"Maɗaci daban, wannan daban. Wannan ruwa na shiga ciwon sai ta ruɓe kamar rogo. Zan yi report a wurin hukuma."

"Ka yi mana, ɗan baƙin ciki. In ba ka yi ba, ba ka cika munafuki ba."

Da Awawu ta ji, ta ɗauki mayafi ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Katung.

"Baban Jane, don girman maƙwabtaka ka rufa mana asiri. In council mai ba mu haya ta ji, ina tsoron flat ɗin ma a karɓe."

Katung ya ce, "Maman Amamata, saboda ke zan yi shiru. Amma ki daina tsayawa a wajen."

Ta yi dariya. "To ina zan jira bas? A kan rufi?"

Da ta koma, Osmanu ya yi mata tatas don ta je roƙon mai sharar ganye. Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakanin mazan biyu. In suka haɗu a matakala, tsaki ne kawai ke wucewa.

A shekarar 1989 ganyen bishiyar ya zube tun sauran suna kore shar. Mutane suka ce zafin bana ne. Sanyi ya shigo, duk itatuwa suka yi tsirara, ba ka bambance matacciya da mai rai.

A watan Janairu aka yi wata mahaukaciyar iska da rana tsaka. Awawu ta fito za ta wurin aikinta na shara a cikin gari. Iska na neman ɗauke ta, sai ta matsa jikin bishiyar don ta fake. Bishiyar ta karye daidai inda wuƙar mijinta ta zagaye.

Ƙashin bayanta ya taɓu. Likitoci suka ce ta yi ban kwana da tafiya.

Su Katung aka turo su yanke abin da ya rage. Da suka gama, ya saɓo guntun gindin, ciki duk ya zama gari, ga sawun wuƙa jere a jiki. Ya hau da shi har ƙofar Osmanu ya jefar a gabansa.

"Ga sauran maganinka. Ka dafa mata. Ni kuma Allah ya gafarta mini shirun da na yi."



Awawu ta dawo gida a keken guragu. Osmanu ya ajiye tasi, shi ke ɗaga ta, shi ke kwantar da ita. Ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi da ya fi masa sauƙi. Ranar da ya fara kawo mata shayi, ta kalli kofin, ta kalle shi.

"Wannan kuma daga wace bishiya?"

Jama'a, itacen gefen titi ba na banza ba ne don ba ka ga mai shi ba. Wanda ya illata shi da wanda ya gani ya rufa asiri, su biyun ne suka haƙa ramin, kuma ba su ke zaɓar wanda zai faɗa ba.